Alƙasim ɗan Illa da Jirgin da Ya Faɗo Gefen Masussuka

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Alhamis, takwas ga watan Zulƙida na shekara ta 1363 bayan Hijira, wadda Nasara ke kira 1944, ana idar da sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran Alƙasim ɗan Illa a ɗakin mahaifiyarsa, nan zangonmu da ke yamma da Tabotaki. Ƙunar wuta ce ajalinsa. Wutar kuwa ta wani ƙaramin jirgin sama ce, irin wanda sojan Faransa ke koya wa samarinsu tuƙi a ciki. Injinsa ya mutu a sama ranar Litinin ɗin da ta gabata, ya faɗo gefen masussukar matanmu.

Ni Yusufu, limamin wannan zango, ni na yi masa wanka, ni na sallace shi. Abokina ne tun muna bin awaki a kan duwatsu. Na ji labarin yana yawo a kasuwar Buza da ta Keita, kowa da yadda yake faɗa, har wani ya ce wai kwaɗayin kayan Nasara ya kai shi cikin wuta. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin ina wurin, kuma idona ya gani.

Alƙasim, ban san ta inda zan fara maka ba.

Tun da aka naɗa mini rawanin limanci kowa ya koma ce mini Liman, har ƴanuwana da muke ciki ɗaya. Kai kaɗai ka ci gaba da kirana Isuhu, kamar sanda muke raba ƙwallon goruba ɗaya. A gaban mutane kakan sunkuyar da kai ka ce Malam, in mun keɓe ka koma Isuhu. Yanzu ba sauran mai kirana haka.

Ka tashi da harshe biyu, Hausa da Tamajak, kamar yawancin mutanen zangonmu. Amma ban ga wanda ya yi aiki da su kamarka ba. Ina tuna ranar da raƙuman wasu makiyaya daga arewa suka shiga gonar tsoho Maiguwa suka tattake masa wake. Maiguwa ya fito da gatari, mai raƙuman ya dafa takobi, samari suka kewaye su. Ɗaya ba ya jin maganar ɗaya, sai aka kira ka ka zauna tsakani. Maiguwa ya ɗura ashar da ba ta rubutuwa, ka juya ka ce wa mai raƙuman, "Dattijo ya ce ransa ya ɓaci ƙwarai, domin waken nan shi ne abincin jikokinsa." Shi ma ya mayar da tasa mai zafi, har ya taɓo kakannin Maiguwa, ka juyo ka ce, "Ya ce yaransa ne suka yi sake, kuma kunya ta kama shi." Mu da ke jin harsunan biyu muka dinga cizon leɓe. Kafin azahar an daidaita, an kawo nono an sha. Da muka kama hanyar gida na ce maka ka yi ƙarya a gaban jama'a. Ka yi dariya ka ce, "Ban yi ƙarya ba, Isuhu. Tacewa na yi, kamar yadda aka tace gasara." Na bincika abin da na karanta ban sami inda zan kama ka ba.

Shekarar da fara ta cinye ƙasa, yunwa ta biyo baya, mutane suka yi ta gudu ƙasar Sakkwato, wasu suka faɗi a hanya. Kai kana saurayi a lokacin. Kullum kakan hau tudu da takarkarinku ɗaya da ya rage, ka tsinko anza, ka jiƙa ta kwana da kwanaki a bakin rijiya har ɗacinta ya fita, ka bi ƙofofin da ba namiji kana ajiyewa ba tare da sallama ba. A cikin wannan yawo ka tarar da tsohuwa Dela makauniya, ɗiyanta sun tafi sun bar ta da tulun ruwa ɗaya, sun ce za su dawo. Ka goyo ta a bayanka har ɗakin mahaifiyarka Lalla. Kun kasa cika cikinku ku kanku, ka ƙara musu baki. Dela ta rayu shekaru bayan wannan, ta mutu a gidanku tana kiran ka ɗanta. Nata ɗiyan ba su dawo ba har yau.

Da yaƙin Nasara ya tashi, aka aiko kowane gari ya ba da samari. Ƙuri'a ta faɗa kan ƙanenka Rabe, wanda gemu bai ko tsiro masa ba, ga shi da ciwon ƙirji tun yana ƙarami. Ba ka yi shawara da kowa ba. Ka je gaban ƴan sarki ka ce ɗan Illa aka ce a kawo, kai ma ɗan Illa ne. Suka dube ka, suka dubi Rabe, suka ga wanda ya fi ƙwari, suka yarda. Ka bar matarka Hawa da ƴan matanku biyu ƙanana, Kulu da Cima, aka tasa ku a ƙasa zuwa Madawa, daga can muka daina jin ɗuriyarka.

Bara, da faɗuwar ruwan farko, ka dawo. Ka rame, yatsu biyu na hannun hagunka babu. Ashe ba fagen harbi aka kai ka ba. Wani filin jirage aka kai ka, can nesa, inda ake koya wa samarin Nasara tashi sama. Aikinku gangara gangunan esansi, wato man jirgi, cike ramuka, da juya farfelar jirgi da hannu har inji ya kama. Farfelar ce ta cinye maka yatsu, shi ya sa aka sallame ka. Yara suka yi ta damunka ka ba su labarin jirgi, kakan yi musu kwaikwayon ƙararsa su yi ta dariya, ka tsaya nan. Sau ɗaya tak ka faɗa mini sauran, muna zaune a gindin aduwa bayan mun sauko daga Juma'a.

Ka ce jiragen koyo ba ƙarfe ba ne kamar yadda muke zato, katako ne da ƙyalle aka shafe da fenti, kujera biyu, ɗalibi a gaba malaminsa a baya. Inji ɗaya gare su. In ya mutu, ba na biyu. Wani lokaci ruwa ne ya shiga esansi, wani lokaci rairayi, wani lokaci kuma har a kwance injin gaba ɗaya ba a gane dalili ba. Ka ce ka ga wanda injinsa ya ɗauke yana tashi, tsoro ya sa shi juyowa don ya koma fili, jirgin ya kife ya caki ƙasa da ka. Ku ake aikawa ku kwaso abin da ya saura. Sannan ka ce, "Isuhu, ba ƙaratai ka ba ni tsoro ba. In ka ji ya yi tari ya yi shiru, to duba inda za ka gudu."

Na ɗauke shi labarin wata ƙasa. Jiragen nan sukan ratsa samanmu jifa-jifa tun bara, daga wajen Madawa su nufi Tawa, yara su bi inuwarsu da gudu. Ban taɓa kawo wa raina ɗayansu zai sauko mana ba.

Ranar Litinin da hantsi muna gonarka, ni da kai da Rabe, muna ɗaurin damman gero. Masussuka tana gabas da mu kaɗan. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san ba ta da shimfiɗaɗɗen wuri: tudu duwatsu ne, kwari kuma gonaki ne cike da kara da kwazazzabai. Fako ɗaya muke da shi mai santsi, shi mata suka share suke sussuka a kai. Ranar sun cika shi. Hawa tana can, matata Jaratu tana can, ɗiyata Mairamu tana can da jinjiri a bayanta. Taɓare suna tashi suna sauka, ana waƙa.

Jirgin ya ɓullo daga kudu. Ni ban ko ɗaga kai ba. Sai na ji ƙararsa ta sarƙe, ta dawo, ta sake sarƙewa kamar tsoho mai tari, daga nan sai tsit. Ka saki igiyar da ke hannunka. Na bi idonka na ga jirgin ya sunkuyo, farfelarsa a tsaye cak, yana zuwa ba motsin komai sai iska. Kuma masussuka ya nufa, domin daga sama ba wurin da ya kai ta kyan sauka.

Ka zura da gudu kana ihu, "Ku watse! Ku bar masussuka! Hawa, ku watse!" Ƙarar taɓare ta hana su ji da wuri. Da suka ɗaga kai, jirgin ya riga ya kai tsayin giginya. Wasu suka gudu, wasu suka sandare da taɓarya a hannu, Mairamu ta yi tuntuɓe da turmi ta faɗi ta rufe ɗanta da jikinta. Na ce shi ke nan, na fara salati.

Saura ƙiris ya taɓa ƙasa, sai jirgin ya karkata hagu. Ya bar fakon ya nufi duwatsu. Fiffikensa ya daki dutse ya karye, ya yi tsalle, ya kife ƙafafu a sama. Ƙarar kamar an rushe rumbu. Ƙura ta tashi, warin esansi ya cika wurin.

Kowa baya ya yi. Ni wurin Mairamu na nufa, na tarar ba abin da ya same su ita da ɗanta. Da na waiwayo sai na hango ka kana rarrafe a ƙarƙashin jirgin. Mutum biyu ne a ciki, rataye kai ƙasa, ɗaure da ɗamarar kujera. Ka zare wuƙar damtsenka ka yanke wa na gaba ɗamara, ka jawo shi ta hammata. Saurayi ne da bai wuce sa'ar Rabe ba, ƙafarsa ta karye, fuskarsa duk jini, yana ta kuka da wata kalma ɗaya. Ka kai shi bayan wani dutse ka kwantar. Lokacin hayaƙi ya fara fita daga wajen injin.

Ka juya za ka koma. Rabe ya cafke rigarka ta baya yana cewa, "Yaya, wuta! Yaya, don Allah!" Ka sunkuya ka zame, ka bar masa rigar a hannu. Na biyun, babban, katako ya danne masa ƙirji. Mun ga kana ɗaga katakon da kafaɗa, kana yi masa magana da Faransancin soja. Har ka fito da hannunsa ɗaya. Sai wutar ta tashi gaba ɗaya, fuu, kamar an cinna wa busasshiyar bukka.

Rabe da wasu makiyaya biyu suka jawo ka da sandunansu, aka birkiɗa ka cikin rairayi. Babban bai fito ba.

Ba zan rubuta yadda jikinka ya koma ba. Ɗiyanka za su girma, wata rana wani zai karanta musu wannan. Mun ɗauke ka a kan tabarma zuwa ɗakin Lalla. Mata suka kawo abin da suka sani, zuma da man shanu da gashin zomo. Hankalinka bai gushe ba. Abin da ka fara tambaya shi ne ko an taɓa wani a masussuka. Aka ce ko ƙwarzane babu. Sannan ka ce a kai wa saurayin ruwa, a ɗaure masa ƙafa da kara, a sa shi inuwa.

Da wutar ta mutu, mutane suka tsaya nesa da gawar ɗayan, ba mai son matsawa. Wasu suka ce a bar wa masu shi su zo su ɗauki abinsu. Da maganar ta kai kunnenka, ka sa aka kira ni. Ka ce, "Isuhu, ku ruhe shi da zane, ku sa masu tsaro kada karnuka su taɓa shi. Mutumin ga ya ga matanmu. Masussuka tana gabanai, da ya sauka bisa, da ya tsira da rainai. Da gangan ya kauce. Na san yadda iska ka karkata jirgi, na san yadda hannu ka karkata shi. Wanga hannu ne." Jaratu ta ciro zanenta na ajiya, wanda ba ta taɓa ɗaurawa ba, aka rufe shi. Samari suka yi ta karɓa-karɓar tsaro har masu shi suka iso.

Washegari da rana kamiyo, wato babbar mota, ya zo daga Madawa da soja da tafinta da wani ma'aikacin likita, baƙin mutum mai hankali. Ya duba ka a natse, ya wanke abin da zai wanku, ya ba ka maganin rage zafi. Sannan ya ja ni waje ya ce in an ɗora ka a mota kan duwatsun nan, ba za ka kai rabin hanya ba, gara a bar ka wurin mahaifiyarka. Na gane abin da yake nufi.

Ta bakin tafinta muka ji cewa mamacin malamin tuƙi ne, yana da mata da ɗiya a ƙasarsu, saurayin kuma ɗalibinsa ne. Makanisen, wato mai gyaran inji, da ya zo tare da su ya tona abin da ya rage na injin, ya ce wuta ta cinye shaida, ba zai iya cewa ga abin da ya kashe shi ba. Har yau ba mu sani ba. Kafin su tafi, saurayin ya nace sai an kawo shi wurinka. Aka shigo da shi a kan gadon ɗaukar majinyata. Ya miƙo hannu zai kama naka, ya ga ba wurin kamawa, sai ya dafa tafin ƙafarka, ya yi ta kuka. Ya tambayi sunanka, ka faɗa masa, ya yi ta maimaitawa yana ɓata shi, har ka yi murmushi. Daga nan aka fitar da shi. Gardawan da suka zo da su kuma, wato dogaran Nasara, suka tara mazan zango, aka sa su ɗaukar ƙarafan jirgin a ka har bakin hanya, a tsakiyar kaka, gero yana zube a gonaki. Haka aka yi mana, kuma na rubuta shi yadda ya faru.

Wannan ne ya fasa zuciyar Rabe. Ya dawo daga dakon ƙarafan ranar Laraba, wuyansa a sage, ya durƙusa a gabanka ya ce, "Yaya, ka tahi yaƙinsu sabili da ni, ka komo da ranka. Shi ne za ka zo ka mace musu a bakin gida? Mi sunka taɓa yi muna in ba wahala ba?"

Numfashi yana yi maka wuya. Sannan ka ce, "Rabe, ka ji abin da yaron ga ya yi ta hwaɗi? Uwatai ya ke kira. Na san kalmar, na sha jin ta. Kai da ka gane, da ba ka iya tsayawa." Ka huta, ka ƙara da cewa, "Wancan kuwa, Hawa na gabanai ya kauce. In bar shi?"

Rabe ya kifa kai a gefen tabarmar.

Ranar Alhamis tun safe ka daina karɓar ruwa. Ka sa aka kawo Kulu da Cima, amma ka ce su tsaya bakin ƙofa ta bayan asabari, kada su gan ka, ka yi musu magana daga ciki. Ka ce su ji maganar uwarsu. Ka nemi gafarar Hawa kan shekarun da ka bar ta ita kaɗai, ta yi ta gyaɗa kai. Da na dawo daga la'asar na tarar ana jirana. Na zauna wajen kanka ina laƙƙana maka kalmar shahada, kana bi, muryarka tana nisa, har leɓɓanka suka tsaya.

Lalla tana zaune wajen ƙafafunka. Kai ne ɗanta na fari, tun da ta haife ka ba wanda ya taɓa jin sunanka a bakinta, sai dai ta ce "wancan" ko "yayan Rabe". Da ta ga na shafa idanunka, ta matso, ta sa bakinta kusa da kunnenka, ta ce a hankali, "Alƙasim. Alƙasim." Duk wanda ke ɗakin ya fita yana share ido.

Mun binne ka kafin faɗuwar rana. Ban taɓa ganin jama'a irin ta ranar a zangonmu ba. Makiyaya sun bar dabbobi a bakin rijiya sun zo, mutanen Tabotaki sun zo a ƙasa, matan masussuka sun tsaya daga nesa, kowace da ɗanta a hannu.

Ban ce ba ka da aibi ba. Kana da taurin kai, in ka ƙudura abu ko mahaifiyarka ba ta juya ka, kuma wannan taurin kan ne ya bar Hawa da marayu. Na yi ta juya abin a raina, wani lokaci har in ji haushinka. Amma in na dubi Mairamu tana shayar da ɗanta, sai in rasa abin cewa.

Geronka da muka bari a gona, mun yi gayya ranar Asabar, an ɗaure an kai rumbu. Matan sun ce ba za su sake sussuka a fakon nan ba bana, sun koma bayan gari, amma naka suka fara sussukawa.

Ya Allah, ga bawanKa Alƙasim ɗan Illa ya zo maKa. Ya ɗanɗani wutar duniya don ya fitar da bayinKa daga cikinta, Ka haramta jikinsa ga wutar lahira. Ka sanyaya masa kabari, Ka yalwata shi, Ka yafe masa abin da muka sani da wanda Kai kaɗai Ka sani. Ka karɓe shi cikin shahidai, domin an ruwaito mana cewa wanda wuta ta kashe shahidi ne. Shi kuma baƙon da ya kauce wa matanmu ya mutu a kan duwatsunmu, ban san sunansa ba, al'amarinsa yana hannunKa, Kai ne Ka ga abin da hannunsa ya yi. Ka ba iyalinsa haƙuri a can inda suke.

Inna Lalla, Allah Ya ba ki dangana, Ya sa ɗanki ya tarbe ki a ƙofar Aljanna. Hawa, Allah Ya dafa miki, Ya raya Kulu da Cima, Ya sa albarkar ubansu ta bi su. Rabe, ƙanena, ka daina cewa kai ne sanadi, kwana ne ya ƙare. Gida ya dawo wuyanka yanzu, ka riƙe shi, muna bayanka. Ga dangin Illa na nan da na Azarori da na Galma, da duk wanda wannan rashi ya taɓa, ina miƙa ta'aziyyata, ni ma kuma ina neman wanda zai yi mini.

Allah Ya jiƙanka, Alƙasim. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.